Gizagon da na bari a jikin gungume

Aikin nan wahala ne, kuma duk wanda ya ce muku ba wahala ba ne bai taɓa yin sa ba. Ya ci mini kafaɗar dama, ya ci mini gwiwa, yatsuna biyu ba sa lanƙwasuwa in sanyi ya shigo. Ina faɗa ne saboda ku samarin nan da kuke zuwa garejina a Glenwood ran Asabar, ku zauna a kan bokitan fenti kuna nuna mini bidiyo a waya: ga wata mata ta ɗauki sabon katako, ta shafa masa wani ruwa, ta zabga masa sarƙa, kafin ka ƙifta ido wai ya tsufa. Nura, mai karatun injiniya a jami'ar bayan layinmu, har cewa ya yi, "Baba Hashimu, ai wannan ko ni zan iya. Ɓata katako ne kawai." To, ɓata katako kowa ya iya. Tsufar da shi ne sana'a. Ita na yi shekaru ina yi a wani ƙauyen ƙarya da aka gina don fim, a can kuma na bar gizagon mahaifina. Makon jiya na koma karɓo shi.

Ni ɗan masassaƙi ne. Mahaifina turmi yake sassaƙawa da taɓarya da akushi da kujerar mata, a wani ƙauye kusa da Ƙaura Namoda. Gizago, ga ku da aka haifa a birni, kamar gatari yake, sai dai bakinsa a kwance yake irin na fartanya. Da shi ake feƙe itace, sara bayan sara, har ya yi siffa. Nasa wani maƙeri ne ya ƙera daga sifirin ɗin babbar mota. Ƙotar kuwa shi ya yanko ta da kansa ya daidaita ta da tsawon hannunsa, kuma shi dogo ne, ya fi ni. Yana da wata al'ada. In ya je gidan mutum aiki rana ta faɗi bai gama ba, ba ya komawa gida da gizago. Sai ya kafa shi a jikin gungumen ya kaɗe riga ya tafi. Mai gida in ya ga gizago ya san masassaƙi zai dawo, ba sai an yi alkawari da baki ba, kuma ko yaron goye ba zai taɓa shi ba. Haka na tashi na gani, haka ya shiga jikina ban sani ba.

Ni raina aikin na yi. Na gudu Zariya na koyi kafinta, aikin inji da sanfefa da fenti mai ƙyalli. Da cacar biza ta faɗo kaina, mahaifina ya riga ya ajiye aiki, ido ya yi rauni. Ya naɗe gizagon a tsumma ya ce in sa a akwati. Na ce, "Baba, can fa komai inji ne." Ya ce, "Tafi da shi dai. Ba ya cin tuwo."

Aikina na farko a ƙasar nan a kamfanin kujeru ne a High Point. Tsayuwa a gaban inji guda, ƙafar kujera iri guda, tun safe har yamma. Ban taɓa ganin kujerar da ƙafafun nan suke shiga ba. Da aka rufe kamfanin na koma kafa shinge a gonakin dawakai na Summerfield. A can na san Kalbin, wani baƙin Ba'amurke mai sa wa dawakai takalmin ƙarfe, wanda yake da 'yar maƙera a bayan gidansa. Ku riƙe sunansa, zai dawo. A shekarun nan gizago yana ƙasan gado. Sai da iska ta kayar da wata bishiya a bayan gidan da nake haya, na rasa abin yi, na zaro shi na sassaƙa kujerun mata irin na gida, na kai kasuwar gwanjo ta ƙarshen mako.

A nan wani tsohon Bature mai jan wuya ya tsuguna gaban kayana. Bai tambayi kuɗi ba. Babban yatsansa ya riƙa bi da shi a kan sawun saran, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Da me ka yi wannan?" Na nuna masa. Ya juya shi, ya gwada nauyinsa, ya ce, "Kana son aiki?" Sunansa Mista Randi. Kafintan fim ne. Shekaru kafin nan an zo gonar surukansa, can yamma wajen duwatsu, an gina ƙauye guda don wani fim na mutanen da, masu keken doki da fitilar kananzir: coci, da kanti, da maƙera, da gidajen katako. Aka gama fim aka watse. Mutane suka fara zuwa kallo, shi kuma ya sa ƙofa ya fara karɓar kuɗin shiga. Matsalarsa ita ce an gina wurin ne don ya yi 'yan watanni. Rabinsa filawud ne, siririn falankin nan, da soso da aka yi wa fenti. Kullum wani abu na ruɓewa, dole a sa sabo, sabon kuma dole ya yi kama da abin da kakanninsu suka sassaƙa da hannu.

Aikin farko da ya ba ni barandar kantin ce. Ya ce katako biyu sun ruɓe, in canza, shi zai shiga gari. Na duba na ga barandar duk ta karkace, matakala ta lotsa, fenti duk ya ɓare. Na ce yau zan nuna wa Baturen nan kafintan Zariya. Na ɗaga ta da jak na miƙar da ita, na goge ta da sanfefa sumul, na sami sauran farin fenti na shafa. Da ya dawo ya tsaya da ledar abinci a hannu yana kallon barandar. Can ya ce, "Hashim, ka san tsawon lokacin da na ɗauka kafin in karkatar da barandar nan?" Muka kwashe mako muna mayar da ita yadda take. Bai kore ni ba. Amma har ya mutu, in ya ga na ɗauki sanfefa sai ya ce, "A kama shi, zai gyara."

A wurinsa na koyi cewa tsufa ba datti ba ne da za ka watsa ko'ina. Tsufa yana da wuraren zamansa. Dokin ƙofa a tsakiya yake lotsawa, inda ƙafa take sauka. Ƙyaure daidai tsayin hannu yake baƙi, ƙasansa kuma inda ake tura shi da takalmi. Benci inda ake zama yake sheƙi, gefensa ba ya yi. Bangon da yake kallon rana toka-toka yake zama, wanda yake inuwa kore-kore. Kafin ka taɓa katako sai ka san wa ya zauna da shi, mace ce ko namiji, bahago ne ko badama. Wannan matar ta cikin wayarku ba ta gaya muku ba.

Ruwan da take shafawa kuwa ba wani asiri ba ne. Soson ƙarfe ake jiƙawa a binega, ruwan tsamin nan na Turawa, ya kwana biyu, a fara shafa wa katako baƙin shayi mai kauri, in ya bushe a bi da ruwan. Amma kowane itace da yadda yake karɓa. Wanda suke kira ok, in ka cika masa hannu baƙi ƙirin zai koma kamar an ƙona shi. Wanda suke kira fain kuwa sai ka yi ta lallashi. Ƙusoshi a ruwan gishiri muke tsatsar da su. Burushin waya yana cinye taushin itace ya bar jijiya a tsaye, kamar yadda ruwan sama yake yi. Duk wannan Mista Randi ya fi ni iyawa. Abin da bai iya ba shi ne sara. Ginshiƙan gidajen mutanen da ba inji ya yanka su ba, kuma ido yana ganewa ko mai idon bai san me ya gane ba. Sai ya sayo gungume, in sa shi tsakanin ƙafafuna, in bi shi da gizago daga wannan kai zuwa wancan. Ƙotar ta ɗan fi hannuna tsawo, kowane sara sai na ɗaga kafaɗa fiye da kima. Ya sha ce mini in rage ta. Ban rage ba. Da ta tsage a wuya, wayar jan ƙarfe na naɗa mata na ci gaba.

Masu zuwa kallo iri-iri ne. Akwai tsofaffi masu zuwa a bas daga coci. Akwai masu sanye da kayan fim ɗin, mace da doguwar riga da hula mai igiya a tsakiyar zafi. Akwai masu ɓantarar katako su sa a aljihu, waɗannan su suka fi ba mu aiki. Ni fim ɗin ma ban taɓa kallonsa har ƙarshe ba, barci yake sa ni. Wata rana wata tsohuwa ta dafa ginshiƙin maƙera tana hawaye, ta ce daidai irin na rumfar kakanta. Watan da ya wuce na sassaƙa shi. Da ta tafi na ce wa Mista Randi, "Wannan ba ha'inci muke yi ba?" Ya ce, "Allon ƙofa ya ce wurin fim ne. Ta karanta. Kakan nata dai na gaske ne." Na koma bakin aikina.

Akwai kantin tsaraba a wurin, a lokacin ɗaki guda ne, matar Mista Randi ke zama. Abin da ke ciki mu muke yi da damina in aiki ya yi sauƙi: cokulan itace, 'yan alluna, gidajen tsuntsu daga guntayen da suka rage, da kujerun matan nan nawa, waɗanda Turawa suke ɗora wa tukunyar fure. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. In yaro ya riƙe abu ya ƙi saki, uwar kuma ta duba jaka ta yi jim, sai matar ta ce wannan dama yana da tabo, a tafi da shi.

Sai shekarar korona. Ranar da aka ce a rufe ina bayan coci ina feƙe wani gungumen ok da za mu canza ginshiƙin ƙofa da shi. Na gama gefe biyu, saura biyu. Mista Randi ya zo ya tsaya nesa da ni da ƙyalle a baki ya ce gwamnati ta ce kowa ya zauna gida, amma ba zai wuce mako biyu ba. Na kwashe zarto da guduma da tef na zuba a mota. Gizago kuwa na ɗaga shi na kafa a jikin gungumen, na kaɗe riga na tafi. Ban yi tunani ba. Aiki bai ƙare ba, mai wuri ya kamata ya san zan dawo.

Mako biyu ya zama wata da watanni. Ciwon ya kama Mista Randi, bai tashi ba, ba a kuma bar kowa ya je jana'iza ba. Ni ina wani sito ina loda kwalaye, abin da ya ƙarasa mini gwiwa ke nan. Da na samu na je, na tarar da sarƙa da kwaɗo a ƙofa da allon wani kamfani. Na kira 'yarsa. Ta yi mini magana mai daɗi, ta ce uwarta ta koma wurinta, gona kuma an sayar da ita da duk abin da ke cikinta. Na ce akwai ƙarfena a bayan coci. Ta ba ni lambar kamfanin. Na kira na kira, na'ura ce take amsawa, tana ce mini in danna ɗaya in danna biyu. Na gaji na bari. A ƙasar nan abin da aka bari a fili ba alkawari ba ne, kaya ne na wanda ya sayi filin.

Asabar ɗin da ta wuce ne Bitrus, mutumin Fanshin da yake aikin jinya, ya shigo gareji yana miƙo mini waya. 'Yan cocinsu sun kai yara wurin, an sake buɗe shi. Ya ce, "Baba, dubi abin da na gani a kantinsu. Ba irin na gida ba ne wannan?" Akwatin gilashi ne, da fitila a ciki. Na ce ya buɗa hoton. Ga wayar jan ƙarfen nan a wuyan ƙota, yadda na naɗa ta. Na ce, "Gobe in ka taso daga coci za ka kai ni." Nura ya ce shi ma za shi, yana son ganin inda aka biya ni kuɗi don in ɓata katako.

Dala talatin kowane mutum a ƙofa. Ni da nake da makullin wurin a da, na tsaya a layi aka ɗaura mini takarda a wuyan hannu, aka ba ni taswirar ƙauyen, wai kada in ɓata. Sun zuba kwalta a inda muke ajiye katako. Barandar kantin tana nan a karkace, na ji daɗin wannan. Amma ginshiƙin ƙofar cocin da ban gama ba, sun sa na inji sun shafa masa fenti ruwan ƙasa, sun bi shi da sarƙa tun daga sama har ƙasa, har inda hannun mutum ba zai taɓa kaiwa ba. Na ce wa Nura, "Ga aikin matarka ta waya." Ya ce, "Baba, ni dai ban ga bambanci ba." Na kama hannunsa na ɗora a ginshiƙin maƙera, nawa, na ce ya bi da yatsa. Ya bi. Ya daɗe bai ɗauke hannun ba.

Gungumen yana nan a bayan coci. Sun mayar da shi wurin zama, wasu yara suna shan askirim a kai. Gefe biyu a feƙe, biyu da ɓawo. Rana da ruwa sun yi masa abin da nake kwana biyu ina yi da shayi da binega, kuma sun fi ni iyawa. Ramin da bakin gizagon ya bari yana nan, ya cika da ƙasa. Na zauna na huta gwiwa muka wuce.

Ba a fita sai ta kantin tsaraba, haka suka tsara hanyar. Yanzu ya kai girman masallacin unguwa. Ba abin da aka yi a wurin. Kofi mai hoton coci dala ashirin da biyar. Cokulan itace an yi su sumul a wata ƙasa, an ƙona musu sunan fim ɗin a jiki. Bitrus ya ɗaga wata 'yar kwalba da ƙasa a ciki, ya karanta kuɗin, ya ce, "Ƙasa ce fa. Ƙasar da muka tako yanzu." Nura ya ce, "Kaɗe takalminka a leda, Oga Bitrus, ka tara wa yara kuɗin makaranta."

Akwatin gilashin yana kusa da mai karɓar kuɗi. An rubuta a kati cewa kayan aikin mutanen da ne, kuma babban ɗan wasan ya riƙe shi a fim. Dala ɗari huɗu da hamsin. An gama fim ɗin nan tun gizagon yana ƙasan gadona.

Na ce wa yaran su bar ni da masu kantin, ciniki ba a gabansu aka fara ba. Na yi kamar ban ga gizagon ba. Na taya hula, na taya kofi, na zagaya, sannan na tsaya a gabansa ina yatsina fuska. Na sa aka kira manaja, wata yarinya mai fara'a da ba ta wuce sa'ar 'yata ba. Na fara kushe kaya yadda ake yi. Na ce wannan ba na mutanen da ba ne. Ba ma na ƙasar nan ba ne. Tsohon sifirin ɗin mota ne wani maƙerin ƙauye ya bubbuga a Afirka, ba shi da ko wutar lantarki. Ƙotar ma reshen bishiya ne, ga ta a tsage an ɗaure da waya. Na ce in ba ta dala hamsin don dai kada ta yi asara.

Idonta ya yi haske. Ta ce, "A Afirka? Da hannu aka ƙera shi?" Ta jawo takarda ta fara rubutu. "A wace ƙasa? Zai kai shekara nawa?"

Nura ya matso ya ce mini da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Baba, don Allah ka yi shiru. Ƙara masa kuɗi kake yi."

Haka kuwa aka yi. Ta ce in dai haka ne ai guda ɗaya ne tak a duniya, za ta gaya wa ofis, tana jin sai an sake duba farashin. Bitrus ya juya baya yana kallon kofuna, kafaɗunsa suna rawa don dariya. A kasuwar Ƙaura da na faɗi rabin wannan, mai kaya ya fara rantse-rantse yana sauko da kuɗi.

Sai na bar ciniki na gaya mata gaskiya. Na ce nawa ne, na mahaifina ne, ni na bar shi a jikin gungumen da ke bayan coci. Ta daina murmushi. Ta tambaye ni me ya sa na bar shi a waje in yana da daraja haka. Na buɗe baki in yi bayani da Turancina, na ga ba zai fita ba. Na ce aiki ne ban gama ba. Ta ce ta yarda da ni, har ranta, amma kamfani ya sayi wurin da komai, ita ba ta da ikon bayarwa. Abin da za ta iya shi ne ta sayar mini yau a kuɗin da ke kan katin kafin ofis ya ji labari, ta kuma cire mini ɗan rangwamen ma'aikata.

Bitrus ya ce, "Baba, mu haɗa mu uku. Kayan uba ne." Nura, da nake sane da cewa taliyar leda yake ci rabin wata, har ya zaro walat. Na ce su mayar. Na fito da katina na ajiye a kan gilashin. Na ce mata amma ba a sayen ƙarfe ba a taɓa ba. Ta kawo makulli ta buɗe.

Nauyin yana nan. Shi kaɗai ya rage. Sun shafe ƙotar da banish, man ƙyallin katako, mai kauri, har lotsawar da babban yatsan mahaifina ya yi ta cike. Sun zuba gam a inda ƙarfe ya shiga ƙota don kada ya fita. Bakin kuwa sun kai shi injin wasa sun cinye shi, don kada yaro ya yanke. Maƙeri baki kaɗai yake ba taurin, kusan faɗin yatsa, sun kuma cinye fiye da haka, ƙarfen ya yi shuɗi saboda zafi. Wannan duk da sauƙi, ana iya sake ba shi wuta. Na juya shi. A wuya, daidai inda duk ƙarfin sara yake taruwa, sun huda rami biyu. Manajar ta ce da farko a bango aka ɗaure shi da kusoshi masu murɗi, kafin a sayi akwatin. Sara ɗaya a jikin ok, nan zai karye.

Nura ya ce, "Ko ba ya aiki, Baba, ai sai ka rataye a falo." Na ce mahaifina bai taɓa rataye ƙarfe don a kalla ba, kuma in don kallo ne, nan ya fi falona fitila. Na ɗauke katina na mayar aljihu.

Na roƙi yarinyar biro. Na buɗe taswirar nan da aka ba ni a ƙofa, na kifa ta a kan gilashin, na kwantar da gizagon a bayanta na bi gefen ƙarfen da layi. Na juya shi na zana lanƙwasar. Inda suka cinye na ƙara da ka, don na san inda bakin yake tsayawa. Ta tsaya tana riƙe mini gefen takardar kada ta motsa. Da na gama na miƙa mata shi da hannu biyu, ta mayar, ta kulle. Bitrus ya saya wa 'yarsa maganaɗisun firij, yana ta mita har mota.

Washegari bayan na yi asuba na sha shayi, na tafi wurin 'yan tsofaffin motoci a McLeansville na jira suka buɗe. Na zaɓi sifirin na babbar mota, mai kauri, wanda tsatsa ba ta ci ba. Daga nan na wuce Summerfield. Na tarar da Kalbin yana hura wuta. Na shimfiɗa masa taswirar a kan uwar maƙera, ya karkata kai yana kallo. Ya ce, "Fartanya ce?" Na ce, "Ƙera dai, zan nuna maka. Baki kaɗai za ka ba tauri." Ya ce sai Alhamis. Kafin in tafi na ari zartonsa na bi bakin shingen da na kafa da hannuna, har na sami reshe mai gwiwa irin wanda ake so. Na ɗora shi a hannuna daga yatsu zuwa gwiwar hannu, na sa alama, na yanke daidai tsawona.